Dokta, don Allah a faɗa mana da Hausa

Daren jiya a fadarmu ta hira da shayi a unguwar Zango, nan Damagaram, gardama ta tashi kan ruwa, kamar yadda takan tashi duk bazara idan famfo ya yi shiru. Ana zuba shayi na biyu wani ƙanenmu ya kunna mana saƙon murya a WhatsApp. Wani mutum ne da ba wanda ya san sunansa, yana rantsuwa wai akwai kogi guda kwance ƙarƙashin tsohuwar unguwar Birni, manya ne suka hana a haƙa don kada cinikin ruwa ya mutu. Har da karin magana ya kawo, wai ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Kafin a wanke kofuna rabin fada sun gaskata shi. Na ce musu garin nan a kan dutse yake zaune, suka ce ni ma an saye ni.

Ban ji haushinsu ba. Mutumin ya yi musu magana da harshen da suke ji, a kan abin da ke damunsu, ya kuma iso har tabarmar da suke zaune. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne muna da jami'a a Damagaram tun 2010, akwai masu karatun ƙasa da yanayi, akwai likitoci masu koyarwa, akwai masana tarihi, amma muryar da ta shigo fadarmu ba ta ɗayansu ba ce. In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Na yi ƴan shekaru ina haɗa shirye-shirye a wani gidan rediyo mai zaman kansa, don haka na san yadda ake neman malamin jami'a ya zo gaban makirfo. Akwai wani masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ba zan faɗi inda yake koyarwa ba, na yi mako biyu ina binsa. Ranar da na same shi a ofis ya karɓe ni da mutunci, har ya aika aka sayo mini lemo, sannan ya ce, "Ƙanena, ni da Faransanci na yi karatun nan. In na fara da Hausa zan yi ta tuntuɓe, gobe ɗalibaina su yi mini dariya." Na ce, "Dokta, ranka ya daɗe, da wane harshe kake yi wa Hajiya bayani in ta tambaye ka abin da kake koyarwa?" Ya yi dariya har ya cire tabarau.

Ya zo. Mintin farko duk "donc" ne da "c'est-à-dire", ina kallon mai kula da na'ura yana girgiza kai. Can sai ya ce wa masu saurare su ɗebi ruwa a moɗa, su zuba rabi kan dutsen niƙa, rabi kan rairayi, su ga wanne ya sha. Ya ce Damagaram dutsen niƙan ce: ƙasar da ke sama ba ta da kauri, ƙarƙashinta dutse ne mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a ƴan tsage-tsagensa. Shi ya sa ake janyo mana ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza da Ganaram, garin kuma yana ƙara faɗi fiye da abin da bututun ke kawowa. Ya tuna musu cewa ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Wayar gidan rediyon ba ta huta ba ranar. Wani ɗan ga-ruwa ya kira ya ce shekararsa goma yana tura kura, yau ne aka fara gaya masa dalili.

Doktan bai sake dawowa ba, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ƴan jarida muna kiran malami ƙarfe goma sha ɗaya muna son magana kafin labaran rana. Ya yi bayanin minti ashirin, mu yanko daƙiƙa arba'in, mu zaɓi wurin da ya fi zafi, mu jefar da "amma" da "sai dai" da ya kare kansa da su. Da yamma abokan aikinsa su kira shi suna tambayar ko haka ya faɗa. Sannan ƙarin girmansa a wajen CAMES ne yake, wato hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, can kuwa abin da ya wallafa a mujallun bincike ake dubawa, hira da rediyon Damagaram ba ta kai shi matsayin farfesa. Ga tsoron kada magana kan ruwa ko farashin mai ta koma siyasa a kunnen wani. Duk na yarda da waɗannan.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa Hausa ba ta iya ɗaukar ilimin. BBC na watsa shiri da Hausa tun 1957, an yi bayanin zuwa duniyar wata da ita, an yi na cutar korona da ita. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Wanda ya iya ciniki a kasuwar Dole, ya iya sasanta rigimar gado a gidansu, bai rasa Hausa ba. Zama ne bai yi ba ya nemi yadda zai faɗi abin nasa, kuma zaman yana da wuya, don a Faransanci mutum yana iya ɓuya bayan babbar kalma, a Hausa kuwa tsohuwa za ta ce maka "to, me kenan?"

Da masu sanin suka ja baya, wurin bai zauna fanko ba. An samu wasu ƴan kaɗan da kowane gidan rediyo ke da lambarsu, ana kiransu "mai sharhi kan al'amuran yau da kullum". Litinin yana kan kuɗin sefa, Laraba kan matatar mai ta SORAZ, Juma'a kan sanƙarau, in an matsa masa har ƙwallo zai yi wa fashin baƙi. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce "wannan ba fannina ba ne, ku nemi wane" ba. Ni a wurina dokta a tarihi da ke bayanin allurar rigakafi ya fi mai saƙon WhatsApp haɗari, domin shi da taken dokta ya shigo. Lokacin da sanƙarau ya ɓarke a jihar nan ƙarshen 2022, da lokacin da mashaƙo ya addabi yankin Matamai a 2023, abin da uwa ke bukata shi ne likita ya ce mata ga alama, ga lokacin da ba a jira gari ya waye.

Akwai kuma bashi. Manoman Magarya da Matamai da Mirya ne suka riƙa barin gawo yana tsirowa a gonakinsu har yankin ya sake yin kore, masu bincike suka zo daga ciki da wajen ƙasa suka auna, suka yi musu tambayoyi, suka rubuta da Faransanci da Ingilishi. Nawa ne suka dawo rediyo suka ce ga abin da muka gano a gonakinku? Marigayi André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ɗan garin nan ne, ya rubuta tarihin Damagaram, kuma da ƙasa ta neme shi a 1991 ya fito ya shugabanci babban taron ƙasa, bai ce shi mutumin aji ba ne. Amma yaro a unguwar Garin Malam da ke son sanin yadda Sarki Tanimun ya gina ganuwa, sai dai ya ji daga bakin maroƙa. Ranar da tsohon masallacin Birni ya rushe a daminar 2024 na yi ta murɗa rediyo ina neman wanda zai ce mana me ya sa ginin ƙasa da ya haura shekara ɗari ya faɗi a waccan shekarar, kuma yaya za a yi da sauran gidajen unguwar.

Kawuna yana noma kusa da Kance. Duk shekara tsutsa na cin zangarniyar hatsinsa, tana bin ta a murɗe tana zubar da ƙwaya. Na gaya masa masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Maraɗi suna kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai kama da zanzaro, ana sa shi a ƙananan buhuna a kai gona, yana kashe tsutsar ba tare da feshi ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in gaskiya ne ai da an faɗa a rediyo." Rediyon nasa na rataye a reshen gawo tun safe har la'asar, batir kawai yake canja mata.