"A Yi Haƙuri" Ba Ya Kashe Rigimar Ma'aikata A Gidajen Marayu

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan marayu ko gidan gajiyayyu ya san cewa ranar da masu raino biyu suka daina gaisawa, ba su ne ke fara ɗanɗana kuɗarta ba. Mai kwanan dare za ta ɗauki mayafinta ta tafi ba tare da ta shaida wa mai karɓarta cewa wani yaro ya kwana da zazzaɓi ba, ko cewa an riga an ba wani dattijo maganin hawan jini. A ofis, gaba takarda kawai take jinkirtawa, amma a irin waɗannan gidaje magani ake tsallakewa ko a maimaita shi.

Abin da shugabanni suka saba yi shi ne su kira masu rigimar ofis, a ce kowa ya yi haƙuri, a shafa fatiha a watse. Ba na raina sulhu, domin Suratul Hujurat ta umarce mu da gyara tsakanin 'yan uwa, sai dai sulhun da bai taɓo tushen saɓani ba rufe tukunya ne alhali wuta na ci a ƙasa. Idan aka bi diddigi, da wuya a tarar mugun hali ne kaɗai sila. Za a tarar mutum ɗaya ake ɗora wa kwanan dare duk Sallah, ko wankin shimfiɗar yara kullum a kanta yake ƙarewa, ko kuma ba wanda ya san inda kayan tallafin azumi suka shiga sai mai riƙe da makullin sito. Ga kuma bambancin biya: mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, 'yan sa-kai kuwa ba a ma zancensu, alhali aiki ɗaya suke yi da masu albashi. Maganin waɗannan a bayyane yake: jadawalin aiki a manne a bango, littafin sito mai sa hannu biyu, da sauraron kowa shi kaɗai kafin a haɗa su.

Abin da ya fi damuna wani ne daban. Idan ma'aikaciya ta kai ƙarar abokiyar aikinta cewa tana dukan yara ko hana su abinci, sau da yawa sai a ɗauki zancen a matsayin gulma ko hassada, a zaunar da su a sasanta, mai ƙarar ta fita da sunan munafuka. Wannan kuskure ne babba, domin akwai mutum na uku a maganar wanda ba a gayyace shi zaman ba, kuma ba shi da uwa ko uba da za su tsaya masa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗora maslahar yaro sama da komai, don haka irin wannan ƙara bincike take buƙata, a janye wadda ake zargi daga ɗakin yaran har a gama, a kuma kare mai ƙarar daga tsangwama ko canjin wurin aiki na huce haushi.

Ko da gaba ta ƙi mutuwa, shugaba ba zai tilasta wa manya biyu ƙaunar juna ba, amma yana da ikon wajabta musu rubuta abin da ya faru da kowane yaro a littafin miƙa aiki, su sa hannu a gabansa kafin mai tashi ta fita ƙofa.