Wanda ya tsargu, da shi nake

Yau ba da kowa nake ba, hira ce kawai irin ta masu son kiɗa. Amma in ka ji gabanka ya faɗi tun ban yi nisa ba, to gyara zama.

Akwai wani bawan Allah da ya shigo ɗakina da la'asar, shekara uku ke nan, ya tarar ina sauraren faifan Timeless na Goldie, makaɗin Ingila mai kiɗan na'ura da ake kira drum and bass. Ko zama bai yi ba ya toshe kunne, wai in kashe masa injin markaɗen nan. Daga nan ya wuce majalisa yana ba da labari cewa wane ya fara taɓuwa, ƙarar janareta yake saurare. Aka yi ta dariya, ni ma na taya su. To ga shi an wayi gari mutumin namu ya zama shehin malamin drum and bass. Kullum hoton bangon faifai a sitatos, da ɗan rubutu a ƙasa wai "sai mai zurfin tunani". Ikon Allah! Ashe injin markaɗe ma yana da ranarsa.

Ni ba na ƙyashin kowa ya shigo sahu, filin Allah ne. Amma a shigo da kunne mana. Makon jiya wani yaro ya tambayi gwanin namu wace waƙa ya fi so a faifan Timeless, ya ce ta farko, don gajeriya ce ba ta gundurar mutum. Waƙar nan minti 21 ce, malam. Kashi uku ne aka ɗinke wuri guda: muryar Diane Charlemagne ta lallaɓo ka a hankali har ka saki jiki, sai ganguna su ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano, su birkice, su nutse, su sake tasowa ta inda ba ka zata ba. Tun 1995 faifan yake a duniya, ba wanda ya taɓa kiran waƙar nan gajeriya sai shi. Wataƙila tasa kwafin ta sha wanki ta tsuke.

Sai kuma ya hau mumbari ya ce kiɗan daga Amurka ya samo asali. A Ingila aka haife shi, farkon shekarun 1990, a unguwannin Landan da Biristol inda 'ya'yan mutanen Jamaika suka taso da manyan lasifikokin iyayensu. Jungle ake ce masa da farko, kuma gidajen rediyon bayan fage irin su Kool FM ne suka riƙa yaɗa shi tun kafin manyan tashoshi su waiwayo. Abin da Amurka ta bayar wani ɗan gutsuren kiɗa ne da bai wuce sakan bakwai ba, wanda makaɗin ganga Gregory Coleman ya buga a waƙar Amen, Brother ta ƙungiyar The Winstons a 1969. Shi yaran Landan suka yanka gunduwa-gunduwa, suka jujjuya, suka ƙara masa gudu har ya kai wajen bugu 170 a minti ɗaya. Duk daɗin abin yana nan: ka riƙa bin gutsuren kana jin inda aka datse shi da inda aka mayar da kansa gindi, kamar yadda mai jin kalangu yake gane abin da makaɗi ke faɗi. Coleman ya rasu a 2006 bai ci ko kwabo daga ciki ba, abin tausayi. Amma ina su o'o suka san wannan, su da ilminsu ya tsaya a bangon faifai.

Wani abin da ya fi ba ni dariya, da lasifikar waya yake saurare. Ya ɗora ta a kan benci, tana ta cakar-cakar kamar ana soya gyaɗa, shi kuma ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Sunan kiɗan fa abu biyu ne, ganga da bas. Shi bas ɗin can ƙasa yake, ba kunne kaɗai ke jin sa ba, har ƙirji da ƙafar kujera, kuma 'yar lasifikar waya ba ta iya fitar da shi ko za ta fashe. Wato shekara guda yana cin gaya ba miya, yana kuma koya wa mutane girki. Ka saka New Forms na Roni Size da Reprazent a lasifika ta kirki, ka ji yadda babbar garayar nan ta Turawa mai tsayin mutum take gurnani a ƙarƙashin ganguna, sannan za ka gane dalilin da ya sa faifan ya lashe Mercury, babbar kyautar faifan shekara a Birtaniya, a 1997, a shekarar da shahararriyar ƙungiyar Radiohead ma suna cikin takara.

Maganar makaɗin na'ura Aphex Twin kuwa, wanda "Twin" ɗin sunansa ke nufin ɗan tagwaye, kunya ta hana ni tsawaitawa. Cewa ya yi duka su biyun gwanaye ne, amma ya fi son ƙaramin. Mutum ɗaya ne, sunansa Richard D. James. Ba Hasan ba Husaini.

Inda raina ya ɗan sosu shi ne ranar da ya ce mu nan ba mu da kan irin wannan kiɗa na na'ura, sai Turawa. Ɗan'uwa, leƙa maƙwabta. A Yamai, Mamman Sani ya zauna da ogan ɗinsa (organ) na lantarki tun 1978 ya naɗi kaɗe-kaɗen da rediyo da talabijin na Nijar suka yi shekaru suna sakawa tsakanin shirye-shirye, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da su a 2013. Kiɗa ne mai sanyi, mai maimaita kansa a hankali kamar tafiyar raƙumi, ba ruwansa da gaggawa. Na tabbata ranar da wani Bature ya yabe shi a gaban mutumin namu, washegari za mu ga hoton a sitatos, da labarin cewa tun yana goye yake jin sa.

Ban kama suna ba, kuma ba zan kama ba. Sai dai in wani ya san akwai hedifon baƙi mai ɗaurin salatif a kunnen hagu da ya ara tun kafin azumi, tare da memori mai faifai goma sha huɗu, to ya aiko yaro da su kafin Juma'a. Na ga alama ko buɗe ledar bai yi ba.