Kalmar "abuse" ba zagi kaɗai take nufi ba

Da yawa daga cikin masu jin Turanci a ƙasar Hausa sun ɗauka cewa ma'anar kalmar "abuse" ita ce zagi kawai, saboda tun a firamare da ita yara ke kai ƙara wurin malami idan an zage su. Tana ɗauke da wannan ma'ana, amma a harshen shari'a da na asibiti ba kasafai ake nufin zagi da ita ba.

Asalinta daga Latin ne, inda take nufin amfani da abu ta hanyar da ba ta dace ba. Shi ya sa "drug abuse" ke nufin shan ƙwaya ko magani ba bisa ƙa'ida ba, kuma sashe na 15 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa hukuma alhakin kawar da rashawa da "abuse of power", wato amfani da iko ta haramtacciyar hanya.

Inda kuskuren ya fi haɗari shi ne "child abuse". Wannan cin zarafin yaro ne, wanda ya haɗa da duka mai raunatawa, da yin lalata da shi, da hana shi abinci ko kulawa, don haka mai fassarar da ya mayar da shi "zagin yaro" ya rage wa babban laifi nauyi a kunnen iyaye. Wanda yake nufin zagi zalla, kalmar "insult" ta fi dacewa da bukatarsa.