Mista Bin bai watsar da karatunsa ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen digiri da harkar fim, sai wani ya jefo sunan Rowan Atkinson, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Mista Bin, wai ai ga wanda ya yi karatu mai zurfi, ya watsar, ya kama barkwanci, kuma ya yi arziki. Kalmar "watsar" ɗin nan ce take ƙona min rai.

Ku tsaya mu bi sawun mutumin. An haife shi a 1955 a arewacin Ingila. Ya karanta injiniyancin lantarki a Jami'ar Newcastle, a 1975 ya wuce Oxford don digiri na biyu a fannin. A can ya haɗu da Richard Curtis, wanda suka yi shekaru suna rubutu tare, da Howard Goodall, wanda ya tsara kiɗan shirye-shiryensa daga baya. A ƙungiyar wasan ɗaliban jami'ar ya fara gwada wannan mutum mai murguɗa fuska wanda ba ya cika magana. To da ya zauna a gida, ina zai gamu da su? BBC ta haska shi a 1979, amma Mista Bin bai fito a talabijin ba sai ranar 1 ga Janairu, 1990, a tashar ITV. Fiye da shekara goma yana goga abu guda.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ya yi a 1987. An gayyace shi bikin barkwanci a Montreal ta Kanada, sai ya dage a sa shi gaban masu jin Faransanci. So yake ya gani ko jikinsa kaɗai zai sa mutane dariya ba tare da harshe ba. Wannan ai gwajin injiniya ne, kafin ka saki na'ura sai ka jarraba ta inda za ta iya ba ka kunya.

Ku tuna fitowar farko, ta ɗakin jarrabawa. Ya jera alƙaluma kamar mai talla, ya buɗe ambulan, ya tarar da fannin lissafin da bai karanta ba. Ya yi ta leƙen makwabcinsa, har da hura masa takarda. Sai ana dab da tashi ya gano ashe takardar da ya shirya wa tana cikin ambulan ɗin tun farko. Wanda bai taɓa jin gumin jarrabawa ba ba zai auna wannan tashin hankali daidai haka ba.

Ban ce sai da digiri ake iya wasa ba, gwanaye da yawa ba su taka jami'a ba. Amma a daina kafa hujja da wannan bawan Allah ana zuga yara su ajiye littafi. Kashi 15 kacal aka yi na shirin, daga 1990 zuwa 1995, kowanne a lissafe yake daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ko a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012, maɓallin fiyano guda ɗaya ya yi ta dannawa, yana duba agogo, har da sa lema ta danna masa.