Zaman Kasafin Kuɗi a Rumfar Mai Faci

(Rumfar wani mai faci ce a garin Mbe na ƙasar Kamaru, a gindin hawan dutsen da ke kan hanyar Garwa zuwa Gaundare. Wata babbar mota shaƙe da buhunan albasa tana tsaye a kan jak. Mai albasar, Alhaji Babarbare, yana zaune a kan benci yana jan carbi da ƙarfi. Direba yana kishingiɗe a inuwar motar, Jauro kuma ya dogara sandarsa yana kallo. Sai ga Akawu ya iso a ƙafa, jakar takardu a hammata, yana gungura taya a gabansa.)

AKAWU: Salamu alaikum. Ina buƙatar a duba mini wannan taya da gaggawa, domin ana jirana a Garwa a wani taro mai muhimmanci a kan tsimin kuɗin gwamnati.

MAI FACI: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Ka jingina ta a bayan waɗancan, ka samu wuri ka zauna, domin a wannan rumfa wanda rami ya fara kamawa shi ake fara sallama.

ALHAJI: Malam, tsimin kuɗi na ji ka ce? Lallai Allah ne ya kawo ka. Tun daga Marwa nake neman wanda zai nuna mini inda ake tara kuɗin da ake tsimin nan, domin ni dai abin da na sani shi ne kuɗin dakon albasata ya hau, tafiyar ta ƙara tsawo, albasar kuma ta fara tsiro a cikin buhu kamar ba ta da niyyar ganin Yawunde.

AKAWU: Alhaji, maganar tana da lissafi. Gwamnati da bakinta ta bayyana cewa a shekarar 2022 tallafin man fetur ya ci mata fiye da sefa biliyan 1000, kuma babu baitulmalin da zai daɗe yana ɗauke da irin wannan kaya ba tare da ya durƙusa ba. Saboda haka aka rage tallafin, kamar yadda Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya daɗe yana ba da shawara.

DIREBA: Wannan karatun mun haddace shi a gidan mai, ranka ya daɗe. Litar man gas tana sefa 575, a watan Fabrairun 2023 ta koma 720, da Fabrairu ya sake zagayowa a 2024 ta zama 828. Fetur kuma ya tashi daga 630 zuwa 730, daga nan ya koma 840. Har man zuwa-zuwa, fetur ɗin sumoga daga Nijeriya da 'yan acaba suke fakewa da shi, ya daina arha tun da Nijeriya ta janye nata tallafin a watan Mayun 2023. Ni yanzu idan na ga watan Fabrairu ya kusato, gabana faɗuwa yake yi.

AKAWU: Amma ai ba a bar jama'a haka nan ba. An ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi da kashi 5.2 cikin 100 a karo na farko, aka sake ƙara kashi 5 a karo na biyu.

JAURO: Allah ya sanya albarka. A wane ofishi ne mu da shanu za mu je mu karɓi namu kashi biyar ɗin?

ALHAJI: Kai Bafillace, yi mana shiru manya suna magana. Me ya haɗa ka da man gas, kai da kai da dukiyarka duka a ƙafa kuke tafiya?

JAURO: Bawan nan nawa ya sake yin magana ba da izinina ba. Alhaji, gishirin da shanuna suke lasa da ƙulin audugar da nake saya musu idan rani ya tsananta, a kan ƙafarka suke zuwa? Kuma idan dillali ya zo sayen sa, sai ya ce mini kuɗin mota ya hau, sa zai rame a hanya, wani ma zai karye a cikin mota kafin a kai shi tashar jirgin ƙasa a Gaundare, don haka ya rage mini farashi. Motar da ban taɓa shiga ba, ni nake biyan kuɗin gyaranta.

AKAWU: Batun hanya dabam ne. Idan aljihun gwamnati ya tsuke, dole a duba abin da zai iya jira. Albashi ba ya jira, bashin da ake bin ƙasa ba ya jira, tsaro ba ya jira. Abin da ake iya ɗagewa zuwa baɗi shi ne cike ramuka da share magudanun ruwa, domin malamin makaranta yana iya shiga yajin aiki, hanya kuwa ba ta yi.

DIREBA: Tana yi, ranka ya daɗe, ga mu nan zaune a cikinsa. Bari in faɗa maka yadda take shirya nata. Da farko kwalta takan tsage kaɗan, tsagar da bokiti ɗaya na kwalta zai toshe. Idan aka ce a bari sai baɗi, ruwan Agusta ya shiga ƙarƙashi ya jiƙa ƙasar, tireloli masu ɗauke da siminti su bi ta kai, kafin kaka tsagar ta zama rami, kafin wata damina ramin ya haɗe da maƙwabcinsa. A lokacin nan ba cikewa ake yi ba, sai an kankare hanyar an sake shimfiɗa ta, da kuɗin da ya ninka na farko sau da yawa, galibi kuma da rance. Tsakanin Gaundare da Garwa bai kai kilomita 300 ba, amma idan mutum yana rarrafe a giya ta biyu yana kauce wa ramuka, man da zai ƙona ya fi na mai gudu, sawun da zai yi a wata ya ragu, sifirin ya karye, taya ta fashe, mai mota kuma ba daga aljihunsa zai fitar ba.

ALHAJI: Daga nawa zai fitar, ni kuma in rage wa manomi a Marwa, in ƙara wa mai miya a Duwala.

AKAWU: To ka ga ashe kai ba ka yi asara ba.

ALHAJI: Wadda ta ruɓe fa, wa zan ƙara wa? Kuma tun da ga ka ga ni, akwai dala ɗarin da muke biya a kowane shingen karɓar kuɗin hanya, a ba mu 'yar takarda. Na ji an ce akwai asusu na musamman da aka kafa domin gyaran hanyoyi. Ina sefa 500 ɗin nan take kwana?

AKAWU: Takan shiga baitulmali tukuna, daga can ake ware wa kowane fanni rabonsa.

JAURO: Wato ƙofar shiga tana da faɗi, ta fita ce ba a gama sassaƙawa ba.

MAI FACI: Jama'a, ku ji tsoron Allah, ku daina zagin gwamnati a rumfata. Ni ban taɓa ganin tsari mai albarka irin wannan ba. Da can sai in wuni ina korar ƙuda, yanzu kuwa na sayi sabon injin hura iska, na ɗauki yara uku aiki, ƙanena ya buɗe wurin walda a can gaba, kuma in Allah ya yarda bayan damina zan ƙara aure. Ranka ya daɗe, idan ka isa wurin taron, ka shaida musu cewa a garin Mbe tsimin kuɗi ya samar da ayyukan yi.

AKAWU: Kun ji ko? Wannan shaida ce daga bakin ɗan kasuwa mai zaman kansa, kuma zan sanya ta a rahoto.

DIREBA: Ka sanya, amma ka bar fili a ƙarƙashinta. Kai mai faci, kayan Chadi da suke sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, kana tsammani dole ne su bi ta ƙofar rumfarka? Tsakanin Mora da Kusiri kilomita 205 ne, kuma kowane direba ya san abin da wannan yanki yake yi wa mota kafin ta ga gadar shiga Injamena.

AKAWU: A nan kam dole in yi gyara. Aikin hanyar Mora zuwa Kusiri ya tsaya ne a 2014, bayan harin da aka kai Waza aka sace ma'aikata 'yan ƙasar Sin. Wannan matsalar tsaro ce.

DIREBA: Gaskiyarka, ban musa ba, sai dai taya ba ta tambayar dalilin rami. Abin da nake nufi shi ne, direbobi da yawa idan sun iso Gaundare sai su karkata gabas, su bi ta Tubaro su shiga Chadi ta Mundu. Duk motar da ta bi can, mai tuwo a nan ta rasa ciniki, mai shayi ya rasa, mai masauki ya rasa, kai ma ka rasa.

MAI FACI: (Ya ajiye guduma.) Tsaya, tsaya. Kana nufin idan hanyar ta ƙara lalacewa, motocin za su daina zuwa gaba ɗaya?

DIREBA: Wa zai kawo maka taya idan babu wanda ya biyo?

MAI FACI: Ranka ya daɗe, a gyara mini shaidata. Ka rubuta cewa muna roƙon gwamnati ta saki kuɗin gyara, amma da lissafi. Hanyar da nake so ita ce wadda take fasa taya ba tare da ta kori mota ba. A cike manyan ramukan, a bar mana matsakaitan.

AKAWU: Babu irin wannan sashe a kasafin kuɗi. Yanzu dai duba mini tayata, rana tana yi.

MAI FACI: Na duba ta tun kana gunguro ta. Wannan ta wuce faci, gefenta ya yage, bakin ƙarfen ma ya lanƙwashe. Sai dai in sayar maka da wata ta hannu, jaka ashirin da biyar, har da ɗaurawa.

AKAWU: Jaka ashirin da biyar! Bara a jaka goma sha biyar na saya.

MAI FACI: Daga Duwala ake kawo su, ranka ya daɗe, kuma ta wannan hanya suke biyowa.

AKAWU: To, babu laifi. Ka rubuta mini rasiɗi da hatimi, ofis zai mayar mini da kuɗina. (Ya buɗe jaka, ya zaro wata takarda, ya daɗe yana kallonta.) Af. Kuɗin gyaran motocin ofis yana cikin abin da aka soke a bana.

ALHAJI: Wane mara tausayi ne ya soke shi?

AKAWU: Ni na rubuta shawarar, kuma an yaba mini ƙwarai a kanta.

JAURO: Kada ka damu, Malam. Ina da takarkari a bayan rumfar nan, ba ya shan gas, ba ya faci, kuma a shinge ba a karɓar masa dala ɗari. Idan muka tashi yanzu, cikin mako guda kana Garwa.

AKAWU: Taron gobe ne da safe.

JAURO: To sai ka halarci na baɗi. Alhaji, kai kuma ɗauko masa jakar ka biyo mu a baya.