Hardwick Hall da gidajen ƙasarmu

A yankin Derbyshire na Ingila, ba nisa da inda nake zaune, akwai wani gida da ake kira Hardwick Hall. Wata mata ce ta gina shi tsakanin 1590 da 1597, ana ce mata Bess ta Hardwick. Ta yi aure sau huɗu, kowane miji ya rasu ya bar mata dukiya, har ta kai ba macen da ta fi ta arziki a ƙasar sai Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Maginin da ya tsara mata shi kuwa Robert Smythson ne.

Gidan nan ba ya ɓoye komai. A zamanin da gilashi ke da tsadar gaske, sai ta cika bangon da tagogi, har mutane suka riƙa cewa gilashinsa ya fi bangonsa yawa. Yadda kake hawa bene, haka tagogin ke ƙara tsawo, domin ɗakunan karɓar manyan baƙi suna can sama ne, barori da masu hidima suna ƙasa. A kan hasumiyoyinsa shida an sassaƙa harufan cikakken sunanta, E da S, wato Elizabeth Shrewsbury, da dutse, yadda mai tahowa zai karanta tun daga nesa.

Ni dai tsarin bai burge ni kamar namu ba. Gidan Bahaushe yana juya wa titi baya. Baƙo ya tsaya a zaure, in an yarda da shi ya wuce shigifa, cikin gida kuwa na iyali ne. Adon yana kan ƙofa da zankwaye da rufin soro, inda magini ke ɗaura bakan gizo da azara. Katangar tubali mai kauri tana riƙe sanyi a watan Afrilu ba tare da fanka ba. In aka kafa gidan Bess a Kano, kafin azahar kowa ya gudu waje.

Abin da ke ci mini rai shi ne dalilin da ya sa nasu yake tsaye. Ba ƙarfin dutse kaɗai ba ne, don tsohon gidan Bess da ke daf da shi, shi ma na dutse, kango ne yau ba rufi. Doka ce ta tsare Hardwick Hall. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ke rajistar gine-ginen tarihi, Hardwick kuma yana mataki na ɗaya. Ginin da ya shiga wannan rajista, ko naka ne na gado, ba ka isa ka sauya taga ko ka fasa bango ba sai da izinin hukuma, in ka yi kuwa laifi ne da ke kai mutum kotu. Da harajin gado ya yi wa magada nauyi, ba a sayar da filin an yi shaguna ba. Gidan ya koma hannun ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi, a 1959, ita ke gyara shi da irin dutse da farar ƙasar da aka gina shi da su.

Mu fa? Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, aikin da masana gine-gine na duniya ke zuwa kallo, daga baya aka lulluɓe shi cikin sabon gini na siminti. Ganuwar Kano ana ta yankarta ana filaye. Gidan Makama ya tsira saboda an mai da shi gidan tarihi, amma gidajen attajirai da malamai na cikin birni, masu soraye da makuba, kowace damina sai an rasa wasu, magada su rushe su kafa bulo da kwano.

Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin ruwa ya sauka, yaɓe kuma yana son magini da kuɗi. Ina so jihohin Kano da Kaduna da Katsina su zauna da sarakunan magina, a bi unguwa-unguwa a rubuta gidajen da suka cancanta, a hana rushe su, a kuma ba masu su tallafin gyara duk shekara, tun tsofaffin da suka iya ɗaurin guga, wato ɗaura rufin soro irin na da, suna da rai su koya wa yara.