Lasisinta na Najeriya ne, ba na Bauchi ba

Masu kirana tun jiya suna cewa in goge abin da na rubuta kan maganar ƙanwata, ma'aikaciyar jinya 'yar Bauchi da ta nemi aiki a Gombe aka ce mata wai lasisinta na Bauchi ne, ku yi haƙuri, ba zan goge ba. Ƙari ma zan yi.

Mutum na zaune a ofis, fanka na kaɗa shi, ya ɗaga lasisin yarinya da yatsu biyu kamar ya tsinci tsumma, ya ce mata, "Malama, wannan ai na Bauchi ne." Ta ce, "Yallaɓai, a duba saman takardar." Ko kallo bai yi ba. Ya turo mata fayil ɗinta, ya ce ta kawo takardar indijin, wato shaidar ita 'yar asalin jihar ce, in babu sai dai a duba mata kwantiragi idan gurbi ya samu.

Na Bauchi! Ashe Bauchi ta fara buga lasisin jinya ba mu da labari? A kasuwar Wunti ake bugawa ko a Muda Lawal?

Jama'a, hukuma ɗaya ce ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a ƙasar nan, wato NMCN, kuma tun 1979 dokarta take. Jarrabawar da ta yi, ita 'yar Gombe ta yi, ita 'yar Inugu ta yi. Likita kuwa MDCN ke ba shi lasisi, malamin makaranta TRCN, injiniya COREN. Lauya da zarar an rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli, ya tsaya a kotun Kaltungo yau, gobe ya tsaya a Legas, ba mai ce masa uffan. Abin da jiha ke yi wa rajista shi ne wurin aiki, kamar in za ka buɗe asibitinka na kanka. Gini ake dubawa, ba a sake auna abin da ke kan mutum don ya tsallaka iyaka. Lasisin nan na Najeriya ne.

Shi ma ya sani sarai. Maganar lasisi fakewa ce da guzuma a harbi karsana. Indijin ake nema. To ita ina za ta samo? Aure ya kawo ta Gombe, a Jekadafari take zaune, a nan ta haifi 'ya'yanta biyu. Ta nemi aiki a gida an ce ai ta bi miji. Ta nema a garin miji an ce ba 'yar nan ba ce. Ku faɗa mini, a gadar Dindima za ta kafa rumfa ta riƙa yi wa direbobi allura?

Abin dariyar ma, har zuwa 1 ga Oktoba 1996 da Abacha ya yanki Gombe, jiha ɗaya muke. Kakarmu 'yar Kumo ce, da ke jihar Gombe a yanzu. Yakubun Bauchi da Buba Yero wurin Shehu ɗaya suka karɓo tuta. Yau jikar 'yar Kumo ce baƙuwa a Gombe.

Wani ya rubuto mini wai ai a Amurka ma kowace jiha da lasisinta. Sannu Ba'amurke. Can jihohi ne ke bayarwa tun asali, kuma su da kansu sun gaji da wahalar, shi ya sa jihohi da dama suka ƙulla yarjejeniya nas ta yi aiki a cikinsu da lasisi ɗaya. Su suna neman abin da muke da shi a hannu, mu kuma muna kwaikwayon ciwon da suke wa magani. Wani kuma ya ce dole jiha ta fara da 'ya'yanta. Na ji. Je ka karanta sashe na 42 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, sannan ka dawo mu yi magana.

Wallahi ba don ƙanwata ce kawai abin ya tsaya mini a rai ba. Na ga yadda ta yi karatun nan, da fitilar waya, goyo a baya, tana haddar sunayen magunguna har asuba. Kuɗin adashinta ta kwashe ta sabunta lasisin kafin ta je. Kuma kowa ya san akwai asibitocin karkara da mutum ɗaya ke karɓar haihuwa, shi ke ba da magani, shi ke kwana. Da ta fito daga ofishin ba ta yi kuka ba, sai ta ce mini, "Yaya, mu je gida, yara sun kusa tasowa." Wannan ya fi yi mini ciwo.

Af, tunda ana maganar takardu: direban da ya dawo da ni Bauchi sau uku aka tsayar da shi kafin Alkaleri, kowane shinge da kalar sitikarsa. Na ƙarshe wai ta rediyon mota. Rediyon da ko murfi ba ta da shi, wayoyi ne kawai ke reto.